FASHIN BAƘI: Kafin a ɗaura iyakwandishan a bango, ga lissafin da mai shago ba ya yi wa mai saye

Ranar Laraba 3 ga Afrilun 2024, a cikin goman ƙarshe na azumin Ramadan, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. A Bamako, Asibitin Gabriel Touré ya ƙirga mamata 102 a kwanaki huɗun farko na watan, alhali a 2023 mamata 130 ya ƙirga a watan Afrilu gaba ɗaya. Daga baya masanan ƙungiyar World Weather Attribution suka bayyana cewa zafi irin wannan ba zai auku ba in ba don sauyin yanayin da ɗan Adam ya haddasa ba.

A wannan rana ce kuma Hukumar Kula da Wutar Lantarki ta Najeriya, NERC, ta sanar da ƙarin kuɗin wuta ga 'yan rukunin Band A, daga kimanin Naira 68 zuwa Naira 225 a kan kowane yunit. An rage farashin zuwa Naira 206.80 a watan Mayu, sannan ya koma Naira 209.50 a watan Yuli. Ministan Lantarki na wancan lokaci, Adebayo Adelabu, ya ƙara wa wutar fetur da ya zargi 'yan ƙasa da barin kayan wuta a kunne saboda arahar lantarki, maganar da ta sa ya nemi afuwa bayan 'yan kwanaki.

A tsakanin waɗannan labarai biyu magidancin Sakkwato ko Maiduguri ko Yola yake tsaye. Zafin bazara ya wuce abin da fanka za ta iya, kuɗin wuta kuma ya wuce abin da albashi zai ɗauka. Na'urar sanyaya ɗaki, wadda aka fi sani da iyakwandishan ko AC, ta soma fita daga sahun kayan alatu, musamman a gidan da ke da tsoho ko jariri ko mara lafiya. Sai dai kuɗin da ake biya a shago somin taɓi ne. Ainihin tsadar tana cikin wutar da na'urar za ta sha da gyaran da za ta ci, kuma akasarin wannan asara ana yanke ta ne tun ranar saye da ranar ɗauri.

Zafi take kwashewa, ba sanyi take ƙerawa ba

Iyakwandishan ba ya ƙera sanyi. Aikinsa kwashe zafin ɗaki ya zubar a waje. Wani sinadari da masu gyara ke kira gas yana zagayawa cikin bututu tsakanin kan da ke cikin ɗaki da injin da ke waje. A ciki yana tsotse zafin iska, kwamfiresa ta matse shi, a waje kuma fanka ta hura zafin ya tafi. Daga nan ya sake komawa ciki.

Abu biyu ke fitowa daga wannan bayani. Na farko, duk abin da ya tare hanyar iska, ko a ciki ko a waje, ya rage aikin na'urar. Na biyu, gas ɗin a rufe yake zagayawa, ba ƙonewa yake kamar fetur ba. Wanda ya riƙe waɗannan biyun ya tsira daga rabin damfarar da ake yi a wannan sana'a.

Doki nawa ɗaki ke buƙata?

A kasuwannin Najeriya da ƙarfin doki ake cinikin na'urar, wato abin da ake rubutawa HP. Wannan suna ne na kasuwa. Ma'aunin gaskiya shi ne BTU da ke rubuce a jikin takardar da aka manna a gefen na'urar. Mai doki ɗaya na ba da kimanin BTU 9,000 a awa, mai ɗaya da rabi 12,000, mai biyu kuma 18,000.

Bisa ƙiyasin da aka saba, ɗaki mai ƙafa 12 sau 12 doki ɗaya ya ishe shi, madaidaicin falo ko babban ɗakin kwana yana son ɗaya da rabi, babban falo kuma biyu. Amma faɗin ɗaki ba shi kaɗai ake dubawa ba. Ɗakin da ke ƙarƙashin kwano kai tsaye, ko wanda bangonsa ke kallon yamma yana shan ranar la'asar, ko wanda mutane da yawa ke kwana a ciki, ya fi takwaransa buƙata.

Ƙaramar na'ura a babban ɗaki za ta yini tana aiki babu hutu, ɗakin bai yi sanyi ba, mita kuma na gudu. Babba a ƙaramin ɗaki ita ma ba gwaninta ba ce. Za ta riƙa tashi tana mutuwa a kai a kai, ba za ta tsotse laimar damina yadda ya kamata ba, kuma yawan tashin yana gajiyar da kwamfiresa.

Harafin da ba a cika dubawa ba

A jikin wannan takarda akwai wata alama da ta fi shafar mazauna yankin Sahel, wato T1 ko T3. Ƙa'idar gwaji ta duniya ta kasa na'urorin bisa yanayin da aka ƙera su dominsa. Mai T1 ana auna ƙarfinta ne lokacin da zafin waje yake digiri 35, mai T3 kuwa a digiri 46. Irin ta biyun ce ake ɗaurawa a ƙasashen Larabawa na yankin Gulf.

A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin rana kan haura digiri 40 a garuruwa da dama na Arewa da Jamhuriyar Nijar. Na'urar T1 da aka rubuta mata BTU 12,000 ba za ta ba da wannan adadi a irin wannan rana ba, kuma idan injin wajen yana cikin rana tsaka, kwamfiresa kan kashe kanta don gudun ƙonewa. Wannan ne dalilin da ya sa na'urar da ke aiki lafiya lau a Legas ko Jos take gazawa da azahar a Sakkwato. Mai T3 ta fi tsada, amma a inda zafi ya fi tsanani ita ce ta dace da wurin.

Lissafin da mita ke yi

Lamba ta uku ita ce EER, wadda ke nuna yawan sanyin da na'ura ke bayarwa a kan kowane wat na wutar da ta sha. Gwargwadon girman lambar, gwargwadon sauƙin cin wuta.

Ga misali. Na'urori biyu ne, kowacce mai doki ɗaya da rabi, kowacce na kwashe zafin da ya kai kimanin wat 3,500. Ta farko EER ɗinta 2.8, don haka tana jan wat 1,250. Ta biyu 3.5, tana jan wat 1,000. Idan kowacce ta yi awa takwas a rana kwamfiresa na aiki babu tsayawa, kamar yadda kan faru a tsakiyar bazara, ta farko za ta sha yunit 300 a wata, ta biyu 240. A farashin Naira 209.50, ta farko ta ci Naira 62,850, ta biyu Naira 50,280. Tazarar ta haura Naira 12,500 a wata ɗaya, a ɗaki ɗaya.

Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 Naira 70,000 ne. Ke nan na'ura ɗaya mai cin wuta na iya lashe kusan albashin ƙaramin ma'aikaci. Waɗanda ke rukunan B zuwa E suna biyan ƙasa da haka a kan yunit, amma alƙawarin da aka yi musu ya tashi ne daga awa 16 zuwa awa huɗu a rana, maimakon awa 20 na Band A. Giɓin da ya rage janareta ke cikewa, kuma tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 wutar janareta ta fi kowace wuta tsada.

Akwai kuma ɗabi'ar danna rimot zuwa 16 da zarar an shigo ɗaki. Wannan ba ya hanzarta sanyi a na'urar gargajiya. Abin da yake yi kawai shi ne hana kwamfiresa hutawa. A Indiya, daga watan Janairun 2020 hukuma ta wajabta wa kamfanoni su saita sababbin na'urori a kan digiri 24 tun daga masana'anta, bisa lissafin cewa kowane digiri ɗaya da aka ɗaga yana rage kimanin kashi shida cikin ɗari na wutar. Digiri 24 ko 25 tare da fankar sama ya wadatar da barci.

Inbata ko ta gargajiya?

Kwamfiresar na'urar gargajiya hali biyu ta sani, ko tana gudu da dukkan ƙarfinta ko ta tsaya cik. Duk lokacin da za ta tashi tana fizgar wuta ninki da yawa na abin da take ci a lokacin aiki. Wannan fizga ce ke sa ƙwan fitila ya dushe, ƙaramin janareta ya shaƙe.

Mai inbata tana tashi a hankali, ta ƙara gudu har ɗaki ya yi sanyi, sannan ta sassauta ba tare da ta mutu ba. Don haka ta fi dacewa da janareta da sola, kuma ribarta na fitowa ne a ɗakin da ake rufewa ana kwana awanni masu yawa. A shagon da ƙofa ke buɗe yini guda tazarar ba ta da yawa, domin injin ba zai samu damar sassautawa ba.

Rauninta allon lantarkin da ke sarrafa ta. Wutar da ke hawa da sauka babu ƙa'ida tana iya ƙona shi, sauya shi na da tsada, kuma ba kowane mai gyara ne ya iya shi ba. Ya kamata mai saye ya tambaya tun a shago ko akwai kayan gyaran wannan samfuri a garinsa, kuma ya karɓi takardar garanti mai hatimi da rasit. Kada a rikita wannan inbata da ta batir da ake haɗawa da sola. Suna ne ya zo ɗaya, aikin daban.

Gwanjon da doka ta hana

Araha ba ta ado. Tsofaffin iyakwandishan da kwamfiresa da firji suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastan ta Najeriya ta haramta shigowa da su, amma ana baje su a fili a manyan kasuwannin kayan lantarki. Gana ta kafa irin wannan doka tun 2008, ta kuma tilasta manna takardar taurari da ke nuna cin wutar kowace sabuwar na'ura.

Matsalar ba ta tsaya ga gwanjo ba. Wani rahoto da ƙungiyoyin CLASP da IGSD suka fitar a 2020 kan kasuwannin ƙasashen Afirka goma, har da Najeriya, ya gano cewa kimanin kashi 35 cikin ɗari na sababbin na'urorin da ake sayarwa EER ɗinsu bai kai 3.0 ba. Da yawansu ba za su samu izinin sayarwa a ƙasashen da aka ƙera su ba. Rahoton ya kira wannan jibge shara a nahiyar.

Nau'in gas ma abin dubawa ne. R22 da ke cikin tsofaffin na'urori yana lalata rufin ozon na sararin sama, kuma a ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ƙasashe masu tasowa za su kusan daina amfani da shi nan da 2030. Wanda ya sayi na'urar R22 yau ya sayi abin da gas ɗinsa zai ƙara wuya da tsada. R410A ba ya taɓa ozon, amma tasirinsa wajen ɗumama duniya ya ninka na iskar kabon fiye da sau 2,000. Na R32 kimanin sau 675 ne. R290 ya fi su sauƙi ga muhalli, sai dai yana kama wuta, don haka ƙwararre ne kaɗai ya kamata ya taɓa shi. Ba a gauraya nau'i biyu, ba a kuma zuba wa na'ura wanda ba shi aka rubuta a jikinta ba.

Ranar ɗauri

Na'urori da dama da ake zargin kamfani a kansu mai ɗauri ne ya kashe su. Kafin a saki gas cikin bututu dole ne a zuƙe iska da laimar da ke ciki da injin zuƙa. Mai ɗaurin da ya zo babu wannan inji, ya ce zai ɗan saki gas ya kore iskar, ya bar danshi a ciki, kuma danshin zai riƙa cin kwamfiresa a hankali.

Bututun ya kasance na jan ƙarfe, a naɗe shi da soso har ƙarshe. Injin waje a ɗaura shi a inuwa, da tazara tsakaninsa da bango, inda iska ke wucewa. Kejin ƙarfen da ake yi masa saboda ɓarayi kada ya toshe gaban fanka. A ja wa na'urar wayarta daga allon rarraba wuta, da makatsinta na musamman da wayar ƙasa. Jona ta a soket ɗin talabijin ko a siririyar wayar ƙari hanya ce ta gobara.

Idan ta daina sanyi

Mafi yawan ƙorafi daga ƙura yake farawa. A bayan murfin kan ciki akwai rariyar da ke tace iska. Mai gida da kansa zai iya kashe wuta, ya zare ta, ya wanke da ruwa, ya shanya a inuwa, ya mayar. A ƙasar da hunturu ke shafe watanni yana zuba ƙura, yin haka duk mako biyu bai yi yawa ba. Injin waje ma yana toshewa da ƙura da ganye da leda, kuma wanke shi kafin shigowar bazara ya fi kowane gyara araha. A kuma duba rimot, domin sau da yawa yaro ne ya mayar da ita kan fanka kawai.

Idan ƙanƙara ta taru a kan bututu ko a cikin kan ɗaki, dalili biyu ne suka fi yawa, ko iska ba ta wucewa saboda datti, ko gas ya ragu. A kashe na'urar, ƙanƙarar ta narke, a wanke rariya. Idan ta dawo, sai a kira mai gyara.

A nan ne ake yawan jin cewa gas ya ƙare. Gas ba ya ƙarewa sai ta ɓula. Mai gyaran da ya ƙara gas bai nemi inda yake zuba ba ya ɗinka wa kansa hanyar dawowa bayan wata biyu. Mahaɗar bututu ce ta fi yoyo, kuma ana gane wurin da maiƙon da ke taruwa a kai ko da kumfar sabulu. Aikin ƙwarai shi ne a gano ɓular, a toshe, a gwada da iskar naitirojin, a zuƙe, sannan a zuba gas daidai nauyin da aka rubuta. Ba a taɓa gwaji da iskar oksijin ta masu walda, domin haɗuwarta da man kwamfiresa na haddasa fashewa.

Idan ruwa na ɗiga cikin ɗaki, wannan ba lalacewar inji ba ce. Na'urar na tatsar ruwa daga iska, musamman da damina, ruwan kuma na fita ta wani siririn tiyo. Datti ko gidan zanzaro na toshe shi, ko kuma an ɗaura kan a karkace.

Idan injin waje na gurnani amma kwamfiresa ta ƙi tashi, a fara zargin kafasita. Ƙaramin abu ne mai kama da gwangwani, zafi da raunin wuta na kashe shi, farashinsa kuma bai kai ko kusa da na kwamfiresa ba. Kafin a yarda cewa kwamfiresa ta ƙone, a nemi a gwada kafasita a gaban mai gida, a kuma ji ta bakin mai gyara na biyu. Mai gida kada ya taɓa ta da hannunsa, domin tana riƙe wuta ko bayan an kashe.

Raunin wuta shi ne babban makashin kwamfiresa. Ƙa'idar wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, amma a unguwannin da taransifoma ɗaya ke ɗauke da gidajen da suka fi ƙarfinta, wutar kan faɗi ƙasa sosai da dare. Kwamfiresar gargajiya a irin wannan wuta tana ɗaukar zafi har wayoyinta su ƙone. Maganin shi ne sitabilaiza mai ƙarfin da ya dace, ko na'urar kariya da ke yanke wuta idan ta yi ƙasa ko ta yi sama, ta kuma jinkirta kamar minti uku kafin ta sake kunnawa. Idan makatsi na yawan faɗuwa, ko aka ji warin ƙonewar waya, a kashe daga tushe, kada a sake kunnawa sai mai aikin wuta ya duba.

Haɗarin da ya fi asarar kuɗi

Ɗakin iyakwandishan a rufe yake ruf, kuma na'urar mai kai biyu ba ta shigo da sabuwar iska daga waje, ta cikin ɗakin take juyawa. Idan janareta na aiki a baranda ko a zaure ko a ƙarƙashin taga, hayaƙinsa na ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana sa ciwon kai da jiri da barci mai nauyi, kuma an sha samun iyalai gaba ɗaya sun rasu cikin dare ta wannan hanya a Najeriya. Wurin janareta fili ne, nesa da ƙofa da taga.

Ga wanda bai da halin saye

Akasarin gidaje ba su da kuɗin na'urar, ba su kuma da wutar da za ta ɗauke ta. A Yamai da Damagaram da Agadas an daɗe ana amfani da na'urar sanyi mai ruwa, wadda fanka ke jan iska ta cikin jiƙaƙƙen soso. Wutar da take ci kaɗan ce idan aka kwatanta, ƙaramar sola ma na iya ɗaukarta. Tana aiki sosai a busasshen zafin Maris da Afrilu, tana son taga a buɗe, amma da zarar laimar damina ta sauka amfaninta ya ragu.

Gini ma na da nasa rabo. Silin mai kyau a ƙarƙashin kwano, farin fenti a rufi, rumfa ko bishiya a bangon yamma, duk suna rage zafin da ke shiga tun kafin a kunna komai. Magina na da, masu katangar ƙasa mai kauri da rufin soro, sun san wannan tun kafin zuwan lantarki.

Inda alhaki ya rataya

Hukumar Makamashi ta Duniya ta yi hasashe a 2018 cewa yawan iyakwandishan a duniya zai tashi daga biliyan 1.6 zuwa biliyan 5.6 nan da 2050, kuma ƙasashe masu zafi da yawan matasa ne za su ɗauki kaso mai yawa. A Najeriya, inda wutar da ake rabawa mutane fiye da miliyan 200 ke yawo tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000, kowace na'ura mai cin wuta nauyi ce a kan taransifomar unguwa, har da gidan maƙwabcin da fanka kaɗai gare shi.

Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, ita ke da alhakin ƙa'idar ingancin na'urorin da takardar da ke nuna cin wutarsu. Kwastan ke tsaron iyaka. Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye, FCCPC, ita ake kai wa ƙarar garantin da aka ƙi cikawa, NERC kuma ita ke sa ido kan awannin da kamfanonin rarraba wuta suka yi alƙawari. Gwamnatin da ta nemi ɗan ƙasa ya biya cikakken kuɗin wuta, wajibinta ne ta hana a sayar masa da na'urar da ke ɓarnatar da ita. Kafin hakan ta tabbata, abin da ya rage wa mai saye shi ne ya juya na'urar ya karanta takardar da ke gefenta, ya duba BTU da EER da alamar T da nau'in gas, tun kafin ya tambayi farashi.